Ku daina ce wa yarinya gashinta ba shi da kyau

Da zarar Sallah ta matso, shagunan gyaran gashi kan cika da yara mata 'yan shekara biyar da shida, an lafta musu farin man rilaksa a ka, suna matse ido suna cije leɓe, uwa na gefe tana cewa, "Daure, yanzu za ki yi kyau." Wannan maganar ce ke ci mini rai. Abin da yarinya ta ji shi ne gashin da Allah Ya halicce ta da shi aibi ne da ake biyan kuɗi a gyara. Kuma tun kafin ranar an riga an shuka mata wannan tunani a tsakar gida, lokacin tsifa da kitso, inda ake finciko kanta da mataji ana cewa, "Wannan gashi naki mai taurin tsiya, ban san inda kika kwaso shi ba." A wurinki ta kwaso shi, Hajiya, da wurin kakarta.

Mun daɗe muna kiran gashi mai santsi da tsawo "gashi mai kyau" ba tare da mun tambayi kanmu wa ya yanke wannan hukunci ba. Buɗe littattafan soyayya na Hausa ka ga yadda ake siffanta jaruma: fara, doguwa, gashinta har gadon baya, sai ka ce 'yar Indiya ko Balarabiya. Yarinyar da ta tashi tana jin irin wannan yabo, ta duba madubi ta ga nata gashin a murɗe ya miƙe sama, me kake so ta ɗauka? Ga shi kuwa irin wannan gashin ne ke riƙe shuku da kalaba da doka da zane har mako biyu bai warware ba. Makitsanmu sun gina sana'a guda a kansa, amma mu muna koya wa 'ya'yanmu jin kunyarsa.

Sai batun lafiya. Yawancin man rilaksa mai ƙarfi an haɗa shi ne da soda irin wadda ake dafa sabulu da ita, ko wani sinadari ɗan uwanta, kuma aikinsa shi ne karya ƙwayar gashi har ta kwanta. Shi ya sa yake ƙona fatar kai, washegari a ga ɓawo ya manne da gashi. A shekarar 2022 wani bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, wanda ya bi mata sama da 33,000, ya gano cewa masu amfani da mayukan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Manya aka bincika, masu zaɓa wa kansu. To ina ga yarinyar da fatar kanta ba ta yi ƙwari ba, kuma ba a tambaye ta ba?

Na san abin da iyaye mata za su ce: yarinya na kuka wajen taje kai, ga makaranta da sassafe, ga aikin gida. Gaskiya ne, gashinmu na son lokaci, ban musa ba. Amma yawancin kukan daga hannu yake fitowa. Busasshen gashi ake ja da ƙaramin mataji tun daga tushe. A jiƙa shi da ruwa ko ruwan karkashi mai yauƙi, a shafa man kaɗanya ko man kwakwa, a raba shi gida huɗu, a fara warwarewa da yatsu daga baki zuwa tushe, sannan a bi da mataji mai manyan haƙora. A kuma gaya wa makitsiya ta sassauta hannu, domin kitson da ya ɗaga fatar goshi har ƙuraje suka fito shi ke cinye gashin gaba.

A Afirka ta Kudu, a 2016, 'yan matan wata makarantar sakandare a Pretoria sun yi zanga-zanga don a bar su da gashinsu na asali. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai da aka kafa doka a 2019 don hana nuna wariya saboda gashi. Mu babu wanda ya hana mu, da bakinmu muke rage wa 'ya'yanmu daraja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye mata, yayye, gwaggwanni, har da ku iyaye maza: idan an gama kitso ku kira yarinya ku yaba gashinta, ku ce ya cika, ya yi baƙi, ya yi kyau. Rilaksa kuwa a bari sai ta girma ta zaɓa da kanta.