Jinjina ga Masu Saita Uwar Garke

A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, na'urorin POS suka yi shiru, tura kuɗi ya gagara. Tun lokacin, da na ga yadda harka ke tsayawa in na'urori suka tsaya, nake ganin girman injiniyoyin da ke riƙe da uwar garken bankuna, waɗanda ko sunansu ba mu sani ba. Ba sa dogara da hadda. Adireshin rumbun bayanai, lambar ƙofa, yawan masu shiga lokaci guda, duk sukan rubuta a fayil, sai ɗan shirin kwamfuta ya ɗora shi kan kowace na'ura daidai wa daida. In gyara ya ɓaci da tsakar dare, sai su maido da fayil ɗin jiya kafin kasuwa ta ci.