Idon da Ke Gane Sawu a Lissafi

Mitar wutar da ke manne a bangon gida tana wani aiki da ba kowa ke lura da shi ba. Wutar da gida ke ja ba ta tsayawa wuri guda: firiji ya tashi, a jona dutsen guga, a kashe fanka. Duk da haka mitar ba ta rikicewa. Abin da aka sha a kowace ƙiftawar ido take ɗauka, ta tara, ta zare daga yunit ɗin da aka saya. Wannan shi ne intagireshan, rabin kalkulas na biyu: a yayyanka abu mai canzawa siri-siri har kowane yanki ya zama kamar ba ya canzawa, a haɗa yankunan, a duba inda jimillar ta dosa idan aka ci gaba da sirantawa.

Dabarar ta daɗe. Arkimidis na Sirakus, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi ta cusa alwatika cikin yankin parabola har ya tabbatar faɗinsa ya kai 4/3 na alwatikar farko. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya zauna Alƙahira, ya juya parabola a kan gindinta, ya nemi girman dunƙulen da ya fito. Sai da ya fara gano yadda ake tara 1⁴ da 2⁴ da 3⁴ har gaba, sannan ya nuna dunƙulen 8/15 ne na silindar da ta kewaye shi. Kowace matsala a lokacin sai an yi mata wayo na kanta. Newton da Leibniz ne suka shimfiɗa hanya ɗaya, da suka nuna cewa tarawa komawa baya ce daga lissafin saurin canji, wato difarenshiyeshan. A 1675 Leibniz ya ja harafin S ya yi tsawo, ∫, alamar da ɗalibai ke rubutawa har yau.

To, a nan gwanintar take. Difarenshiyeshan yana da ƙa'idoji, duk wanda ya haddace su ya bi a hankali zai isa. Komawa baya kuwa babu wannan tabbacin. Aikin ya fi kama da na mai bin sawu: an nuna maka tambari a ƙasa, kai za ka faɗi dabbar da ta taka.

A ba sabon shiga 2x·cos(x²), sai ya ga abu biyu sun sarƙe, ya rasa ta ina zai kama. Gwani kallo ɗaya zai yi ya gane 2x ɗin nan sawun x² ne. Sai ya sa wa x² sabon suna, ya ce u, tambayar ta koma cos u kawai, amsa ta fito sin(x²). Musanya ke nan. A sauya masa da x·eˣ, wanda a ido ɗan'uwan na farko ne, ba zai ko gwada musanya ba. Zai raba aikin gida biyu, ya yi wa x difarenshiyeshan don ta ɓace, ya tara eˣ wadda ba ta sauya kama, ya sami x·eˣ − eˣ. Da ya zaɓa a juye, x za ta kumbura ta zama x², a tashi da abin da ya fi na farko wuya. Wannan zaɓin, a ganina, shi ke bambanta wanda ya iya da wanda ya haddace. Abu irin 1/(x² − 1) kuwa tsaga shi ake yi zuwa ƙananan kashi biyu masu sauƙi, a wuce.

Karatu kawai ba ya ba mutum wannan idon, sai hannu ya sha alli da biro. Sauƙin da ke ciki shi ne ɗalibi na iya duba aikinsa ba tare da malami ba: ya yi wa amsarsa difarenshiyeshan, in tambayar ta dawo, ya dace. (Sai dai kar ya manta +C ɗin da ake ƙarawa a ƙarshen amsa, wadda ta cinye makin ɗalibai ba adadi.) A jami'ar MIT ta Amurka, tun 1981 ake gasar wannan fanni, ɗalibai a gaban allo, 'yan kallo na tafi.

Amfaninsa ya wuce aji. Injiniyan da ke son sanin ruwan da madatsa irin ta Tiga za ta riƙe, faɗin tafkin yake aunawa a zurfi daban-daban ya tara. Masu haɗa magunguna suna zana yadda magani ke hawa da sauka a jini, faɗin da ke ƙarƙashin zanen ya gaya musu yawan abin da jiki ya samu.

Akwai kuma sawun da ba a san dabbarsa cikin sanannun dabbobi ba. A shekarun 1830 Bafaranshen nan Liouville ya tabbatar akwai tambayoyin da ba za a taɓa rubuta amsarsu da alamomin da aka saba ba, kuma e^(−x²) na cikinsu, alhali a kanta ilimin ƙididdiga ya jingina. Ƙwararre na ganinta ba ya ɓata dare. Zai koma ga yankawa da tarawa da lambobi, ta ƙa'idar da Simpson ya wallafa a 1743, ya miƙa wa kwamfuta, ya faɗa mata iyakar kuskuren da aikinsa zai iya jurewa.