Jirgin Wasan da Ba Ya Bin Dogo

Ranar 29 ga Yuli, 2012, aka yi wa jirgin wasa mai suna Disaster Transport hawan ƙarshe a Cedar Point, babban filin wasan nan da ke Sandusky a jihar Ohio ta Amurka, a bakin tafkin Erie. Daga nan aka rushe shi, aka kafa wani jirgin wasa, GateKeeper, a gurbinsa a 2013. Har yau abin yana ci mini rai, domin irin wannan jirgi gaba ɗaya ne ke ƙarewa a duniya.

Yawancin jiragen wasa masu hawa da gangara, tayoyinsu a damƙe suke da dogo, ta sama da ta ƙasa da ta gefe. Shi kuwa wannan, keken tsere a kan ƙanƙara aka kwaikwaya. Motarsa tana gudu ne cikin wani faffaɗan kwararon ƙarfe mai siffar indararo, babu abin da ya riƙe ta. In ta zo kwana sai ta haye bangon kwararon, ta karkata har kafaɗarka ta danne ta maƙwabcinka, sannan ta sulalo ta dawo tsakiya. Nauyin mutanen da ke ciki da gudun da ta kwaso su ke yanke iyakar inda za ta hau. Shi ya sa hawan safe da na yamma ba sa zama ɗaya.

Kamfanin Intamin ne ya ƙera Disaster Transport, aka buɗe shi a 1985 da sunan Avalanche Run, a fili. A 1990 aka lulluɓe shi da gini, aka sa duhu, aka sake masa suna, aka ƙulla masa labarin tafiya Alaska ta sararin samaniya. Tsayinsa ƙafa 63 ne, gudunsa mil 40 a awa. GateKeeper kuwa ƙafa 170 ne, yana yin mil 67. Da wannan lissafi masu filayen wasa ke yanke hukunci a yau: wanda ya fi tsayi da gudu shi ke cika talla.

Na san irin wannan jirgi yana da wahalar sha'ani. Ruwa in ya taru a kwararon dole a dakata, kuma ba ya kwashe layi da sauri. Amma shi ne jirgin da uba da ɗansa ɗan firamare za su hau tare, su sauko suna dariya. Duk da haka aka rufe Bob na Efteling a Holan a 2019, aka rufe Alpine Bobsled na Great Escape a jihar New York a 2023.

Filin Knoebels na Pennsylvania ya nuna akwai wata hanya. A 2006 suka fara gina irin wannan jirgi, Flying Turns, da katako, bisa fasahar John Norman Bartlett da John Miller, waɗanda jirginsu na farko ya fara aiki a Dayton a 1929. Shekara bakwai suna gyara suna gwaji kafin su buɗe a Oktoban 2013. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Roƙona ga masu filayen da ke da sauran waɗannan jirage: ku gyara su, kada ku sayar da ƙarfensu. Mai karatu, in tafiya ta kai ka inda ɗaya yake aiki, ka riƙe hannun ɗanka ku shiga layi.