Isma'ilu da jakin jeji: aya ɗaya ba ta yanke wa al'umma hukunci

Jama'a, akwai wata fassara da ke yawo a bakin wasu masu wa'azin Kirista, kuma ta shafe mu, mu mazauna unguwar nan. Sukan buɗe Littafin Farawa 16:12, inda aka kwatanta Isma'ilu da jakin jeji mai gaba da kowa, sai su ce wai ga asalin rigimar Larabawa da Musulmi, har da Bahaushe mai tallan goro. To, mu auna wannan karatu da mudun littafin kansa.

Ayar da ke gabanta, 16:11, ta nuna mala'ika ne ya raɗa wa yaron suna, ma'anarsa kuwa Allah yana ji, domin ya ji kukan Hajaratu. A 17:20 Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin sa wa Isma'ilu albarka, ya haifi sarakuna 12, ya zama babbar al'umma. A 25:9, Ishaku da Isma'ilu tare suka binne mahaifinsu a kogon Makfela. Ina gabar har abada a nan? Shi kansa jakin jejin, a Ayuba 39:5-8 dabba ce mai 'yanci da ba ta jin tsawar mai kora. Ga baiwar da ta gudo daga wahala, wannan ai albishir ne: ɗanki ba zai yi bauta ba.

Sai su koma Galatiyawa 4:21-31, inda Bulus ya yi zancen korar baiwa da ɗanta. Amma Bulus da bakinsa ya ce misali yake bayarwa: Hajaratu tana wakiltar alkawarin Dutsen Sina'i da Urushalima ta zamaninsa. Gardamarsa a kan kaciya da Shari'ar Musa take, tsakanin mabiya Almasihu, kusan shekara 550 kafin a fara kiran Musulunci a Makka. Haba! Ta yaya za a ce da mu yake?

An taɓa yin irin wannan ɓarna. Masu cinikin bayi a Amurka sun riƙe Farawa 9, suka ce wai an la'anci baƙar fata ta hanyar Ham, alhali Kan'ana aka ambata, ba a kuma yi zancen launin fata ba. Yau da wuya ka sami malamin tauhidin Kirista da zai kare wannan.

Ba mu yi wa maƙwabtanmu Kirista kuɗin goro ba. Da yawansu ba su yarda da wannan fassara ba. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Duk wanda aka jefa da aya ta 12, ya roƙi mai jifan ya karanta masa ta 11 tukuna.