Yatsun Gwanin Gem

Ka shiga duk shagon gem da ka ga dama a Dutse, daga Takur har unguwannin da ɗaliban Jami'ar Tarayya ke zama, ka tambayi matasa wasan da ya fi burge su a bana. Za ka samu masu Free Fire da masu Dream League Soccer, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Amma bencin da ke gaban talabijin na 'yan ƙwallo ne, kuma gardamarsu guda ce tun tuni: FIFA ko PES.

Sunayen biyu duk sun canza a takarda. Kamfanin Konami na Japan ya mayar da PES ya koma eFootball a 2021, shi kuma EA na Amurka ya rabu da hukumar FIFA bayan shekara 30 suna tare, ya fitar da EA Sports FC 24 a Satumban 2023. A shago dai ba wanda ya damu da wannan. Abin da ake kallo shi ne wa ya iya, kuma iyawar nan ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, don ba ƙaramar fasaha ba ce.

A fara da hannun gem ɗin kansa. A tsarin da aka saba, maɓallin X fasin ne a wasannin biyu, mai kusurwa uku kuma shi ke zura ƙwallo ta tsakanin 'yan baya. Daga nan suka raba hanya. A PES maɓalli mai kusurwa huɗu ne na buga wa raga, mai da'ira na kuros; a FIFA an juya su. Gudu ma haka: R1 a PES, R2 a FIFA. Don haka wanda ya tashi da ɗaya, in ya koma ɗayan, sai ya ga gola shi kaɗai ya ɗaga ƙwallo ta tafi gefen fili, 'yan kallo su kwashe da dariya. Gwani yana tashi daga wannan talabijin ya zauna a wancan, yatsunsa su sauya da kansu. Ba ya kallon hannunsa, ko sau ɗaya.

Sabon shiga ana gane shi da abu guda: yatsansa ba ya sauka daga maɓallin gudu. Ya ɗauki Real Madrid ko Faransa, ya ba Mbappe ƙwallo, ya nausa. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. A zamanin PES 6 na 2006 kowa Inter Milan yake so saboda Adriano, wanda aka ba ƙarfin bugu 99, a FIFA 17 kuma namu Ahmed Musa, lokacin yana Leicester, ya yi suna da gudun da 'yan baya ba sa kamo shi. Sai dai ɗan wasan da ke gudu yana tura ƙwallo nesa da ƙafarsa, kuma ba ya iya juyawa da sauri. Gwani ya san wannan, shi ya sa yake tafiya a hankali, ya adana gudun sai ya ga fili a buɗe.

Inda na fi jinjina masa shi ne tsaron gida. 'Yan wasa 11 ne a ƙungiyarka, amma ɗaya kake juyawa a lokaci guda, sauran 10 na'ura ce ke tafiyar da su. Duk sirrin yana cikin sanin wanda za ka kama, da lokacin da za ka sake shi ka kama wani. Mai gaggawa yana fizgo ɗan baya na tsakiya ya rugo da shi kan mai ƙwallo, sai ya bar rami a bayansa. Fasin ɗaya ta ratsa ramin, an ci shi. Gwani ba ya taɓa layin baya sai dole. Ɗan tsakiya yake jawowa ya toshe hanyar fasin, in FIFA ce ya riƙe L2 yana bin mai ƙwallo gefe-gefe yana ja da baya, ba ya kai ƙafa. Yana yi yana satar kallon ɗan ƙaramin taswirar da ke ƙasan allo, inda ɗigo-ɗigo ke nuna 'yan wasan da kyamara ba ta hasko ba. Can yake hango ɗan gaban da ya fara sulalewa, ya sauya zuwa wanda zai bi shi tun ƙwallo ba ta bar ƙafa ba. Allon na nuna hoto 60 a daƙiƙa guda, kuma bambancin ƙwace ƙwallo da yin keta a da'irar gola wani lokaci bai fi 'yan hotuna kaɗan ba.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta koyarwa. Abokin karawarka yana zaune kafaɗa da kafaɗa da kai. Kana jin ƙarar maɓallinsa, kana ganin lokacin da ya sunkuyo gaba. Kamar 'yan dara a gindin bishiya, gwani yana ba da mintunan farko ga karantar mutum: wannan kullum ta dama yake yanka, wannan in an matsa masa sai ya yi wurgi da ƙwallo gaba, wannan a bugun fenariti kusurwa ɗaya ya sani. Wasan minti 90 an matse shi cikin kamar minti 10, ga 'yan kallo a baya suna ta “Kai, fito da gola mana!”, ga dokar shago da yawa cewa wanda aka ci shi zai biya. Mai iya riƙe zuciyarsa a wannan hali bayan an zura masa biyu, ya sauya tsari a hutun rabin lokaci ya farke, ya koyi abin da zai yi masa amfani har a wajen shagon. Iyaye na da gaskiya in sun tsawata a kan lokacin salla da karatu da kuɗin da ke zurarewa, amma kada a ce babu basira a wurin.

Kayan aikin ma ba sa sauƙaƙa wa gwani. Hannun shago ya sha matsa, sandar hagu kan ja gefe da kanta, wani maɓalli sai an danna da ƙarfi. Gwani yana gwada shi kafin a busa usur, ya gane cutarsa, ya yi wasa da ita. In wuta ta ɗauke yana kan gaba da ci 2, kafin mai shago ya tayar da janareto sakamakon ya tafi, sai a sake daga farko.

Amsar gwani kan wasan da ya fi burge shi a bana takan ba mutane mamaki. PlayStation 5 ta fito tun 2020, sabon FC na zuwa kowace kaka da fuskokin Osimhen da Lookman kamar ka taɓa su, amma sau da yawa gwani PES 2021 zai ambata, ko ma na 2013. Dalilinsa shi ne a can ƙwallo na da nauyi, fasin da ba a auna ba tana lalacewa, na'ura ba ta cika gyara wa mutum kuskurensa ba. Ka ba shi ƙaramar ƙungiya ka ɗauki Manchester City, zai ce maka bismilla.