Tufka da Warwara: Gurbin Zare a Nazarin Ɗinkin Rigar Hausa

Tun da David Heathcote ya kammala kundinsa na digirin dakta kan ɗinkin tufafin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1979, manazarta sun yi ta waiwayar babbar riga. Sai dai akasarin hankali ya tafi ga zane, watau aska biyu, aska takwas, tambari da dangoginsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk sharhin da ya yabi zane ya tsallake zare, rabin aiki ya yi.

Bari mu fara daga kaɗi. Tsohuwar da marubucin ya zauna da ita a Goron Dutse, cikin birnin Kano, takan riƙe auduga da hagu, ta shafa alli a yatsun dama, ta murza mazari. Bangaren da mazarin ya juya shi ke sa wa zaren karkata. Idan aka riƙe zaren a tsaye, karkatar takan bi tsakiyar harafin Z ko ta harafin S, kuma da waɗannan haruffa masana saƙa ke kiran murɗi biyun. Kaɗin hannun dama yakan ba da Z. In za a haɗa sili biyu ko uku, sai a tufke su ta ɗaya ɓangaren, domin murɗin biyu ya danne na farko, zaren ya kwanta bai nannaɗe kansa ba.

Ina ruwan maɗinki da wannan? Duk sukan allura yana ɗan juya zare. In juyin ya bi murɗin, zaren ya ƙara tsauri, ɗinkin ya fito siriri, ƙwaya-ƙwaya. In ya saɓa masa, sili ya rabu, ɗinkin ya baje, ya yi saurin tsufa. Ga tufka da warwara a zahiri. Shi ya sa bahago da mai hannun dama za su ɗinka zane guda da zare guda, aikinsu ya bambanta. Haka kuma abawa mai sassaucin murɗi, da tsamiya, da alharinin da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara a da, kowannensu da yadda yake karɓar allura da haske.

Amfanin wannan ga mai bincike a fili yake. Zane ana kwaikwayonsa shekara da shekaru, amma zaren kanti mai daidaiton murɗi ba ya ɓoyuwa cikin kaɗin hannu, don haka zare na iya nuna inda aka yi wa tsohuwar riga gyara. Littafin Colleen Kriger na 2006 kan tufafi a tarihin Afirka ta Yamma ya nuna ribar karanta tufa a matsayin shaida.

Abin da ya rage ga ɗaliban Hausa shi ne su tattara kalmomin murɗi daga bakin masu kaɗi, tun suna raye.