Gwanintar Ɗora wa Motar Sahara Batir na Biyu

Tsakanin Agadez da Bilma tafiya ce ta sama da kilomita 500, mafi yawanta cikin rairayin Tenere. Direban Land Cruiser ko Hilux da ya yada zango a nan, ya kwana yana kunna fitila da firji da cajin wayoyi, in gari ya waye ya murɗa makulli mota ta yi gum, to ya shiga uku. Ba a tura mota a rairayi, kuma ba lalle wata ta biyo ta wurin a ranar ba. Shi ya sa masu irin wannan tafiya, daga Sahara har dazukan Ostareliya inda sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, suke neman gwanin mai wayarin ya ɗora musu batir na biyu.

Wanda bai san kan abin ba cewa zai yi ai a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, shi ke nan. In aka yi haka, duk abin da ya zuƙe wannan batir zai zuƙe wancan, su mutu tare. Land Cruiser masu shan dizal da yawa da batir biyu suke fitowa daga kamfani, amma duka na tayar da inji ne. Gwani kuwa tunanin manomi yake yi, wanda ke ware iri daban da hatsin ci: komai yunwa ba a taɓa iri. Batirin tayar da mota shi ne irin, kuma duk dabarar aikin ta tsare shi ce.

Batiran ma ba ƙira ɗaya ba ne. Na tayar da mota farantan dalmarsa sirara ne masu yawa, don ya saki ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙu kaɗan, amma in ana yawan zuƙe shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Na biyun farantansa masu kauri ne, yana ba da wuta kaɗan-kaɗan har dare ya raba. Kafin gwani ya zaɓa sai ya tambayi direba me zai jona, kuma kwana nawa zai yi bai tayar da inji ba. Batirin dalma irin AGM mai lamba 100 rabinsa kawai ya kamata a sha, abin da ƙaramin firji zai iya cinyewa a yini da kwana in ana zafi. Na litiyam ana shan kusan kashi 80 cikin ɗari, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, sai dai ba ya son zafin inji, don haka a bayan mota ake nema masa wuri.

Tsakanin batiran ake sa rile mai sauraron ƙarfin wuta. Cikakken batir da ke hutawa yana nuna bolt 12.6, in inji ya tashi altaneta ta kai shi wajen 14. Da rilen ya ji wuta ta kai kimanin 13.3 sai ya haɗa su, a yi musu caji tare. In aka kashe inji ta sauko wajen 12.8 sai ya raba su. Sababbin motoci kuwa kwamfuta ce ke rage wutar altaneta don tattalin mai, rile ya rikice, batir na biyu ya ƙi cika. A nan gwani kan sa cajar DC-DC mai amfiya 25 ko 40, irin wadda kamfanin Redarc na Ostareliya ke ƙerawa. Ita ce ke ɗaga wutar zuwa yadda batirin ke so, wasu ma har da wurin jona farantin sola.

Sai dai a wajen jan waya ake gane wanda ya iya. Yakan auna nisan da igiya tukuna, domin waya in ta yi tsawo kuma siririya, wuta a hanya take zubewa. Ya feƙe bakin wayar, ya zura shi cikin kan tagulla, ya matse da babbar filaya har sai ya ja da ƙarfinsa bai zare ba, sannan ya sa robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Duk inda waya za ta ratsa hujin ƙarfe sai ya sa mata zoben roba, don girgizar hanya kan sa ƙarfe ya ci bawon waya a hankali. Inda zai ɗaure baƙar waya a jikin mota, sai ya kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. Mazaunin batirin kuma da noti yake kafe shi, saboda abin da ya kai kilo 30 in ya ƙwace a gargada ɓarna zai yi.

Yaron shago kan ce, "Maigida, ai fis ɗaya ya isa."

"Kai yaro, wayar nan baki biyu gare ta, kowane baki da batirinsa. In ta goge a tsakiya, wa zai tare wutar ɗaya gefen?"

Don haka fis biyu yake sawa, kowanne dab da kan batirinsa, domin waya mai kauri in ta taɓa jikin mota nan take za ta yi jajir, gobara ta tashi.

In ya gama, da mita yake tabbatarwa. Ya tayar da inji ya ga wutar batir na biyu ta hau, ya kashe, ya kunna firji da fitilu ya ga na gaba, wato na tayar da mota, bai motsa ba. Injin jan mota in ta kafe, da yake yana iya zuƙar amfiya 400, a kan batirin gaba yake barin sa. Daga nan ya nuna wa direba maɓallin da ke haɗa batiran da gangan ranar da na gaba ya gaza, ya kuma ja masa kunne kada ya bari wani ya jona ko da caja ɗaya a batirin tayar da mota.